Tankar Saint-Chamond da Waɗanda Suka Sa Hannu a Kwangilarta

Kwanan nan wani gajeren bidiyo ya yi ta zagaya wayoyin mutane. Tsohuwar tankar yaƙi ce ta Faransa, ta zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana jan jiki a wani fili. Doguwa ce, hancinta ya yi gaba ya bar ƙafafunta a baya, bakin igwa ya leƙo ta ƙirjinta. Wanda ya ɗora murya a kai yana ta sheƙa dariya, wai a zo a ga tankar da ta fi kowace tanka wauta, wai injiniyoyin Faransa ko awo ba su iya ba. Jama'a kuma suka taya shi.

Ni raina ne ya ɓaci. Wannan ƙarfen da ake wa dariya, mutum takwas ake rufewa a cikinsa a tura su gaban wutar Jamusawa, alhali tun a filin horo sun gane da ƙyar zai haye ramin da aka aike su hayewa.

Sunanta Saint-Chamond. Cewa ƙirarta ba ta yi ba, wannan ba abin musu ba ne. Inda na rabu da masu dariya shi ne wurin ɗora laifi. A ganina tankar nan a teburin kwangila ta lalace. Kishin ofisoshi, kwaɗayin kamfani da ƙin tambayar wanda ya san aikin, su suka haife ta. Wanda ya kira abin wautar injiniya ya wanke mutanen da suka sa hannu a kan guda 400 tun ba su ga samfurin abin da za a ƙera musu ba, suka kuma ci gaba da karɓa bayan aibinta ya fito fili.

Yadda aka yi kwangilar

Zuwa ƙarshen 1915 yaƙi ya cije a arewacin Faransa. Ramukan yaƙi a jere tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan, waya mai ƙaya a gabansu, bindigogi masu jigida a bayansu. Duk rundunar da ta fito fili sai a girbe ta. Wani hafsan igwa, Kanar Jean-Baptiste Estienne, ya rubuta wa babban kwamanda Janar Joffre a watan Disambar 1915 cewa a ƙera mota mai sulke, mai tafiya a kan sarƙa irin ƙafar katafila, wadda za ta tattake waya ta haye rami, sojan ƙasa su biyo bayanta. Joffre ya amince. A watan Fabrairun 1916 aka ba kamfanin Schneider odar guda 400.

Daga nan rigima ta fara. Akwai sashen soja mai kula da motoci a ƙarƙashin Janar Mourret, wanda yake ganin duk abin da ke da inji hurumin ofishinsa ne, ga shi an tsallake shi. Sashen ya nemi tasa tankar. A watan Afrilun 1916 aka ba babban abokin gasar Schneider, kamfanin ƙarfe da makamai da ke garin Saint-Chamond kusa da Saint-Étienne, odar wasu 400. Estienne, wanda ya fi kowa nazarin lamarin, ba a nemi shawararsa ba, kuma ya nuna ɓacin ransa a rubuce.

Da farko an so kamfanonin biyu su ƙera abu iri ɗaya. Injiniyan Schneider, Eugène Brillié, ya ƙi ba da fasaharsa kyauta, kamfanin Saint-Chamond kuma ya ƙi biya. Kowa ya kama gabansa. Ƙasar da Jamus ta mamaye mata yankunan da take haƙo kwal da tama a arewa da gabas ta wayi gari da tankoki iri biyu, kowace da kayan gyaranta, kowace da irin horonta.

Sai kuma maganar igwa, wadda ita ce tushen komai. Daraktan fasaha na kamfanin shi ne Kanar Émile Rimailho, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera shahararriyar igwar Faransa mai baki milimita 75 ta shekarar 1897. Mutum ne da ya san aikinsa. Bayan ya bar soja ya koma kamfanin, yana da tasa igwar mai milimita 75 da kamfanin ke sayarwa, kuma yana da kaso a kan kowace da gwamnati ta saya. Ita aka ɗora wa tankar. Tankar Schneider gajeriyar igwa take ɗauke da ita. Ta Saint-Chamond cikakkiyar igwar fagen daga ce, mai dogon baki, mai buƙatar fili a bayanta saboda ja da bayan da take yi in an harba.

Don igwar ta samu wuri sai aka tsawaita gangar jiki. Ƙafafun kuwa aka bar su gajeru, a kan tsarin taraktan Holt na Amurka. Tankar ta kai kusan mita 9 har da bakin igwa, nauyinta kusan tan 23, gabanta da bayanta duk sun zarce sarƙar suna reto a iska. Duk wanda ya taɓa ganin a-kori-kura an labta mata rodi ya zarce ta, ta zo sauka wani kwari, ya san abin da zai faru: ƙarfen ne zai fara taɓa ƙasa kafin taya. Haka hancin Saint-Chamond yake cakewa a bangon rami, sarƙa tana juyawa a banza.

Rimailho ya san lissafin nauyi fiye da ni da mai bidiyon. Abin da aka sa a gaba shi ne igwar ta shiga, sauran jikin kuma ya bi.

Cikin ƙarfen

Inji a tsakiyar ɗakin yake, ƙirar Panhard, mai ƙarfin doki 90. Wannan ne zai ja tan 23. Mutum takwas suna kewaye da shi cikin zafi da hayaƙi da ƙarar da ba a jin magana. Direba, wanda shi ne kuma shugaban tankar, yana gaba ta hagu yana leƙe ta 'yar kafa. Igwar a ƙirji take, ba ta juyawa sai kaɗan, don haka in ana son harbin abin da ke gefe sai an juya tankar ɗungurungum. Akwai bindigogi masu ruwan harsashi guda huɗu ƙirar Hotchkiss, gaba da baya da gefe biyu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana yin kilomita 12 a awa. A ƙasar da igwa ta yi wa rugu-rugu, tafiyar ƙafa ta fi ta.

Sarƙar farko siririya ce, faɗinta kusan santimita 32 ne, tana nutsewa a laka tana kuma zamewa daga kan ƙafa. Aka faɗaɗa ta zuwa 41, aka sake faɗaɗawa zuwa 50. Rufin farko a shimfiɗe yake, gurneti in an jefa sai ya zauna a kai, sai aka mayar da shi mai gangara. Sulken farko harsashin Jamusawa mai huda ƙarfe yana ratsa shi, aka ƙara faranti, nauyi ya ƙaru a kan injin da dama can yana nishi. Igwar Rimailho ma daga baya aka daina sa ta, aka koma ta 1897 da sojoji suka saba da ita. Duk waɗannan gyare-gyare an yi su. Gajartar ƙafa da tsawon hanci kuwa suna nan har tankar ƙarshe, domin gyara su yana nufin a rushe zanen a sake.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sojojin da aka ba tankar sun yi mata laƙabi da giwa a kan ƙafafun barewa, kuma ƙorafinsu ya isa hannun Estienne tun suna sansanin horo. An ji su, ba a tsayar da komai ba.

Ranar 5 ga Mayun 1917 aka fara kai ta yaƙi, a wajen ƙauyen Laffaux da ke arewacin Faransa, guda 16. Da dama cikinsu ba wutar Jamus ce ta tsayar da su ba. Wasu inji ya mutu, wasu sarƙa ta fita, wasu suka cake a rami. Tankar da ta maƙale a gaban abokan gaba kuwa abin hari ce ga kowace igwa, mutanen ciki ko su zauna a ƙone su, ko su fito a harbe su.

"Ai a 1916 babu wanda ya san yadda tanka take"

Wannan ita ce kariyar da aka fi kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ba a taɓa yin tanka ba, kowa lalube yake. Ita ma Schneider da Estienne ya tsaya mata hancinta ya zarce, tankin man ta kuma a gaba yake inda harsashi ke sauka. Ranar 16 ga Afrilun 1917 a Berry-au-Bac aka tura guda 132, aka rasa fiye da rabi, da yawa wuta ce ta cinye su da mutanen ciki, har da jagoransu Kwamanda Bossut. Ban ware Estienne daga kuskure ba.

Amma rashin sani yana da iyaka. Aikin da aka ƙirƙiri tanka dominsa guda ɗaya ne, hayewa rami. Wannan ba sai an je yaƙi ake gane shi ba. A haƙa rami a bayan masana'anta, a ce direba ya haye. Turawan Ingila ma lalube suke, amma da samfurinsu na farko ya kasa haye rami sai suka ajiye shi, suka zagaye gangar jikin da sarƙa gaba ɗaya, hancin ya zama shi kansa ƙafa ne mai hawa. Tankarsu ta shiga yaƙi ranar 15 ga Satumbar 1916 a fagen Somme. Tana da nata matsaloli masu yawa, amma tana haye rami. A watan nan ne kuma aka nuna wa sojan Faransa samfurin Saint-Chamond. Tun daga ranar akwai abin kwatance a gaban kowa. Jamusawa kuma da suka ga tanka sai suka ƙara faɗin ramukansu, abin da ya ƙara dagula wa gajeriyar ƙafa lissafi.

Uzurin rashin sani zai iya rufe watan Afrilun 1916. Ba zai rufe shekara ɗaya da rabi da ta biyo bayan Satumba ba, domin sai a watan Maris na 1918 aka gama miƙa tankokin.

"Yaƙi ne, babu lokacin gwaji"

Wannan ma ina jin nauyinta. Tun 21 ga Fabrairun 1916 ake ɓarin jini tsakanin Faransa da Jamus a Verdun, kuma ba a tsaya ba sai Disamba. Ministan da ake kawo wa jerin matattu kowace safiya zai sa hannu a kan duk abin da aka ce masa zai rage su. Ita ma odar Schneider cikin irin wannan gaggawa aka ba da ita.

To amma a duba abin da gaggawar ta saya. Odar Afrilun 1916 ba ta kai tanka fagen daga ba sai Mayun 1917, wata goma sha uku. A cikin wannan tsawon lokaci makonni kaɗan na gwaji ba su ne za su kayar da Faransa ba. Sauri ya haifi nawa. Kuma in da gaggawa ce kaɗai ke jan ragama, da sai a tilasta wa kamfanonin biyu su haɗu a kan zane ɗaya, gwamnati ta biya kuɗin fasahar ta huta. Gwamnatin da take iya ɗauke saurayi daga gonar ubansa ta kai shi rami, ba za a ce ta kasa sa kamfanoni biyu su yi musayar takarda ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. A tsakiyar 1916 Estienne ya shawo kan Louis Renault ya ƙera ƙaramar tanka mai sauƙi. Ita ce Renault FT: tan shida da rabi, mutum biyu, direba a gaba, inji a baya a keɓe, bindiga a cikin kai mai juyawa ko'ina. Wannan tsarin ne tankokin duniya suke bi har yau. Ta sha adawa daga ofisoshin da suka fi son manyan tankoki, Mourret yana cikinsu, aka yi ta jan ƙafa a kan odarta. Sai 31 ga Mayun 1918 ta fara yaƙi, kuma kafin a tsagaita wuta an ƙera kusan 3,000. Ƙarfe da ma'aikata da watannin da Saint-Chamond ta ci, daga wani wuri aka ɗebo su.

"Ai daga baya ta yi amfani"

Ta yi, kuma ba zan rage mata ba. A 1918 yaƙi ya fito daga ramuka ya koma fili. A harin ramuwar gayya da Janar Mangin ya kai ranar 11 ga Yuni a wajen Méry, da kuma na 18 ga Yuli kusa da Soissons, an yi aiki da Saint-Chamond. A busasshiyar ƙasa marar ramuka doguwar igwarta tana iya tsayawa daga nesa ta rusa maɓoyar bindiga. A nan ta zama igwa mai tafiya da kanta a cikin sulke, kuma masana suna ganin ta share fage ga irin waɗannan motoci da aka yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai wa ya gano wannan amfanin? Sojojin da ke ciki ne, bayan sun binne abokansu, suka koyi inda za a kai ta da inda ba za a kai ta ba. Sa'a ce yanayin yaƙi ya sauya ya zo daidai da ita. Wanda ya sayar maka da abu don wani aiki, abin ya kasa, daga baya ka samo masa wani aikin da dabararka, ba shi za a yaba wa ba.

Haka nan maganar lantarkinta, da masu kare ta suke so su ambata. Injin fetur yana juya janareto, janareto yana ba injinan lantarki biyu wuta, kowane yana jan sarƙa ɗaya. Babu wahalar canza giya, juyawa kuma da sauƙi, a rage wa gefe ɗaya wuta kawai. A lokacin da tankar Ingila take buƙatar mutum huɗu kafin ta sauya hanya, wannan ba ƙaramar basira ba ce. Amma tsarin yana da nauyi, yana ɗaukar zafi, yana yawan lalacewa. Ni wannan hujja ce a wurina: mutanen da suka iya haɗa irin wannan a 1916 ba za a ce ba su ga hancin tankarsu ya yi tsawo ba.

"Mu me ya shafe mu?"

Wani zai ce rigimar Turawa ce ta shekara ɗari da ta wuce. A kan tudun Chemin des Dames, wato yankin Berry-au-Bac da Laffaux, inda aka fara kai waɗannan tankoki a Afrilu da Mayun 1917, akwai dubban sojoji baƙaƙen fata da Faransa ta kwaso daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta mallaka. Ana kiransu 'yan Senegal, amma daga ko'ina cikin yankin aka tattaro su. Ranar 16 ga Afrilu aka tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwa sun ƙage da sanyi, aka kashe su da yawan gaske. Tankar da aka ce za ta buɗe wa sojan ƙasa hanya, in ta maƙale, sojan ƙasa ne yake buɗe hanyar da ƙirjinsa, ko Bafaranshe ne ko ɗan Afirka. Bayan wannan hari ne bore ya ɓarke a rundunonin Faransa, sojoji suka ƙi komawa gaba, aka sauke babban kwamanda na lokacin, Janar Nivelle, aka ɗora Janar Pétain.

Shi ya sa nake ganin dariyar tana da illa. Tana mayar da abin wasan yara, ta ɓoye tambayoyin da suka kamata: wa ya ba da odar, wa ke da kaso, wa aka ƙi tambaya, wa ya shiga ciki. Tambayoyin nan ba su tsufa ba a duk ƙasar da ake sayen makami da kuɗin jama'a, kuma an fi saurin binne su in aka ce sirrin tsaro ne.

Ba a daddara ba

Da a ce darasin ya shiga, da labarin ya tsaya a 1918. Tun a 1916 sashen Mourret ya sa wani kamfanin ƙera jiragen ruwa da ke La Seyne, kusa da Toulon, ya fara aikin wata tanka da ta fi Saint-Chamond girma nesa ba kusa ba. Ita ce ta zama Char 2C: tan 69, tsawon fiye da mita 10, mutum 12 a ciki. A wannan karon an gyara ƙafa, sarƙa ta kai tsawon jiki, igwa ta koma cikin kai mai juyawa. An yi shirin ƙera 300 don harin 1919. Yaƙi ya ƙare a Nuwambar 1918, aka ƙera 10 kawai, aka kammala su a 1921.

Shekara kusan ashirin ana ciyar da su. Ba sa doguwar tafiya da ƙafarsu, sai an ɗora kowace a kan keɓaɓɓun ƙafafun jirgin ƙasa. An ba su sunayen lardunan Faransa, Champagne, Alsace, Bretagne da sauransu. Da yaƙi ya dawo a 1939 kowa a soja ya san zamaninsu ya wuce, amma girmansu yana cika ido, sai aka riƙa ɗaukarsu a fim ana nuna wa jama'a don a kwantar musu da hankali.

A watan Yunin 1940, Jamusawa na matsowa, aka loda shida da suka rage da lafiya a jirgin ƙasa za a gudu da su kudu. Hanyar dogo ta toshe a gabansu, babu wurin sauke su, sai mutanensu suka dasa musu nakiya suka tarwatsa su a kan layin. Ko harsashi ɗaya ba su harba wa abokin gaba ba. Guda ɗaya, Champagne, nakiyarta ba ta tashi ba, Jamusawa suka same ta kusan lafiya suka kai ta Berlin suna nunawa, suka kuma yaɗa hotunan sauran suna cewa jiragensu ne suka ragargaza su.